Sun Mayar da Kaka Cikin Ruwa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kaka kuwa ya riga mu. Ranar wata Talata da hantsi ya cika a Argungu, a ɗakinsa, bisa tabarmarsa, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Muna gida a unguwar Gesse, a Birnin Kebbi, aka bugo wa Mama. Ta saki ludayi cikin tukunya ta zauna a ƙasa, ni kuma na tsaya riƙe da wayar ina cewa "to, to," ga mutumin da ya daɗe da kashewa.

Kwana uku na yi cikin mata a tsakar gidan Kaka, kuma na rantse na ji "ya haƙuri" sau dubu tara. Wasu kukan gaskiya suka yi. Tsofaffin masunta uku sun shigo gaida Inna, matar Kaka, suka durƙusa a bakin ƙofa, babu wanda ya iya haɗa kalma biyu, suka tashi suka fita. Wasu kuwa kallo ya kawo su. Mace za ta shigo da sallama, ta ce "Allah shi jiƙan shi," amma idonta na kan goran da yake hawa a ruwa da homa, ragar kamun kifinsa, da ke rataye a bango, kamar tana jira su sauko su gaishe ta. Wata na miƙa mata ruwan randarmu ta ce azumi take, ga man ƙosai yana sheƙi a leɓenta.

A bayana na ji biyu suna raɗa.

"Shi ne hwa na cikin fim ɗin nan."

"Wanda ka shiga ruwa da ɗiyan mutane?"

"Ke, yi sannu, ga jikarshi nan."

"An ce tun da anka yi abin nan bai ƙara lahiya ba. Su sunka kama shi."

Na juya na ce, "Hajiya, hawan jini ne. Ko aljanun ma sun sayi na'urar awo?" Mama ta mintsine ni a cinya, har yau wurin bai koma daidai ba.

Kawu, babban ɗan Kaka, malamin Islamiyya ne a Birnin Kebbi, shi ma ya ji irin raɗe-raɗin nan a waje wurin maza. Tun ranar farko ya shigo ya yanke hukunci: da an shafa addu'ar uku, duk wanda ya haɗa jini da Kaka zai kawo wayarsa, a goge fim ɗin a gabansa. Kowa ya ce haka ya kamata. Ni kaɗai na yi shiru, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin danginmu. Kaka bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, in ban da na katin zaɓe, wanda ya fito kamar an kama shi da akuyar sata. Duk duniya babu inda yake motsi, yake numfashi, sai cikin wannan ruɓaɓɓen fim ɗin. In an goge, shi ke nan.

Bari in faɗa muku wanda aka binne, tunda na lura da yawa ba shi suka zo yi wa gaisuwa ba.

Kaka masunci ne, amma ba kifi ya sa aka san shi ba. Idan ruwa ya ci mutum, shi ake kira. Ba ya faɗawa inda mutumin ya nutse. Sai ya jefa karan dawa, ya tsaya yana kallon inda ruwa zai kai shi, ya bi gaɓa a hankali, mutane na ihu a bayansa ya yi sauri, shi ko a jikinsa. Sannan ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya shige. In ya samo, ba ya fitowa da fuskar a buɗe. Yakan ɗaura wani tsohon zane a ƙugu saboda haka, ya rufe fuskar tun yana cikin ruwa, don kada uwa ta ga abin da gulbi ya yi wa ɗanta. Ya ɗora a kafaɗa, ya tako har tudu, ya ajiye a hankali kamar mai barci.

Kuma yana da doka guda da ba ya karyawa: ba ya zuwa sai dangin sun aiko. Na taɓa ce masa wannan girman kai ne.

Ya ce, "Uwargida, ke dai baki gare ki, ba kai. In na tahi ba a kira ni ba, gobe a ce ya anka yi ya sani? Wa yag gaya mai? Mai nutso kiranshi aka yi."

Uwargida yake ce mini, ni kuma in ce masa tsohon mijina. Duk hutu sai ya sake ni sau uku saboda ban iya dama fura ba, in ce masa dama na gaji da auren mai haƙori huɗu. Ya ce biyar ne, in zo in ƙirga. Yana da rediyo da aka ɗaure da robar taya, ba ta magana sai an mare ta. Yana da rowar yabo. Inna ta shekara hamsin tana yi masa tuwon shinkafa, iyakar abin da ta samu shi ne, "Yau gishirin bai yi hauka ba." Sun taɓa yin mako guda ba sa magana saboda ta ba maƙwabta aron goransa an ɗebi ruwan biki da shi, sai ni suke aika tsakanin ɗaki da zaure, ina ƙara wa kowane saƙo barkono. Ga taurin kai. Ga alfahari da numfashinsa. Ya ce yana saurayi yakan nutse a Argungu ya ɓullo a Augie. Na ce, "Da mota a ƙarƙashin ruwan?" Ya jefe ni da takalmi.

Ta wannan alfaharin na kama shi. Ni na kama shi, gara in faɗa da bakina.

Yaya, ɗan Kawu, ya gama makaranta bai sami aiki ba, ya wayi gari ya ce shi darakta ne. Ya samo abokinsa mai ɗaukar hoton biki, wani ɗan Filato mai haƙuri da iyayensa ke zaune kusa da mu, da kyamara guda, suka ce za su yi fim ɗin tsoro a kan aljanin ruwa mai jan mutane. Suna son tsohon masunci da zai fito a matsayin mai ceto. Kaka ya ce ko kusa. Yaya ya ce in ya yarda zai saka ni a fim ɗin. Na je na zauna gaban Kaka na ce, "Ai na gaya musu su ƙyale ka. Numfashin ya ƙare. Yanzu ko a kwanon wanka aka tsoma ka sai an kira masu ceto."

Washegari tun kafin mu karya yana bakin gulbi, ya ɗaura zanensa a ƙugu.

Fim ɗin kuwa, Allah ya shirya. Duk labarin da dare yake faruwa, amma da tsakar rana aka ɗauka, Yaya ya baƙanta hoton a kwamfuta. Sai ka ga wai tsakiyar dare, ga inuwar kowa a ƙarƙashin ƙafarsa, ga wata baiwar Allah can nesa tana shanyar shinkafa. Jinin zoɓo ne da aka zuba wa sukari, ƙudan Argungu kaf suka halarta, gawa tana kwance tana kore su da yatsa. Daga farko har ƙarshe injin ban ruwa na wani manomi yana ta tafarfasa a fadama, har ma ya fi jarumin iya magana. Jarumar ta ruga da gudu daga bakin ruwa da hijabi shuɗi, ta iso gida da ruwan ƙasa. Ba ta iya ihu ba, da ta buɗe baki sai dariya, don haka ni na yi duk ihun fim ɗin a bayan ɗakin girkinmu. Ihun jaruma nawa ne, ihun uwarta nawa ne, ihun mai unguwa ma nawa ne. Iyakar fitowata ke nan.

Aljanin shi ne babbar masifa. Wani ƙaton mai wankin mota aka shafa wa toka da alli, aka saka masa gashin buhu. Bai iya ruwa ba. Da ya kai gwiwa sai ya fara salati, tokar ta wanke, gashin ya bi ruwa, ya fito da silifas ɗaya yana tambayar ko akwai kada. Sau shida aka gwada. A na shidan wayarsa ta yi ƙara a aljihun aljani.

Ba zan yi ƙarya ba, akwai abin kirki a ciki. Ɗan Filaton nan ya san hoto. Ya ɗauki gulbi da sassafe, hayaƙin ruwa na tashi, masunta kwance bisa gorunansu suna tafiya kamar ba su taɓa ruwan ba. Ni da na tashi ina ganin wurin ban san yana da kyau haka ba. Tsofaffin da aka tara su yi zaman makoki ba wasa suka yi ba, sun san yadda ake zaman, ka gan su sai jikinka ya mutu. Sai kuma Kaka. Jarumin, wani siririn saurayi mai gyaran waya, ya kwanta cikin ruwa, Kaka ya nutse. Ya daɗe har mai kyamara ya ɗago kai yana kallon Yaya. Sannan ruwa ya buɗe, ya ɓullo da saurayin a kafaɗa, fuskar a rufe da zane, ya tako zuwa tudu yana kallon gabansa. Sau ɗaya aka ɗauka. Ni ina riƙe da rigarsa na manta ma wasa ake.

Da Yaya ya zauna haɗa fim ɗin ya ga ba shi da aljani. Fim ɗin aljani, babu aljani. Komawa Argungu a sake ɗauka kuwa ya fi ƙarfinsa, kyamarar ma ta tafi biki Ambursa. Sai ya ɗauki wurin Kaka ya juya shi baya.

Ku tsaya ku gane abin da ya yi. A fim ɗin, tsoho yana tsaye a tudu, ya sunkuya ya ɗauki ɗan mutane ya saɓa a kafaɗa, fuska a rufe. Sai ya fara tafiya da baya, yana kallonka ido cikin ido, ruwa yana cin ƙafarsa, ƙugunsa, ƙirjinsa, har ya rufe su duka biyu, ya kwanta lumui kamar ba a taɓa shi ba. Maganar da ya yi ma ta juye ta zama wani gurnani, Yaya ya bar ta a matsayin yaren aljanu. Ko makaho zai gane dabarar. Ɗigon ruwa daga ƙasa yake tashi yana manne masa a jiki, ga wata balbela a sama tana tafiya da wutsiya. Amma wallahi wurin yana da ban tsoro. Shi kaɗai ne abin tsoro a fim ɗin gaba ɗaya, shi kaɗai mutane suka yanka suka yi ta tura wa juna. Ni ma na tura wa 'yan ajinmu, na rubuta a ƙasa, "Ga mijina, ku kiyaye ni." Na sa fuskokin dariya har guda bakwai.

Ni na kai masa ya gani, a zaure, ina jiran ya yi dariya. Ya riƙe wayar nesa da ido, ya kalla har ƙarshe.

"Mi ya sa nika tahiya da baya?"

Na ce, "Dabarar fim ce, Kaka. Ka zama tauraro."

"Ina za ni kai yaron?"

Ya miƙo mini wayar ya ce in je Inna na kira. Inna ba ta kira ni ba.

Bai yi wa Yaya faɗa ba, da ma ya yi. Da Yaya ya zo da sallah yana kame-kame wai laifin edita ne, alhali shi ne editan, Kaka ya ce, "Ka ci abinci?" Daga nan bai ƙara ce masa komai ba sai amsa gaisuwa.

Da fari wasa ne. Yara su hango shi su watse suna ihu, "Ga mai ja nan!" Samari a wurin mai shayi su tashi su yi tafiya da baya in ya wuce. Sannan manya suka fara lissafi. Wa ya san inda gawa take in ba wanda ya ajiye ta ba? Mutum ya daɗe haka a ruwa, da wa yake hira? Mutanen da ya ɗauko wa 'ya'yansu da kafaɗarsa, ya rufe musu fuska da zanensa, su ne suka zauna suna wannan tambaya. Shekara arba'in suna ganinsa yana fitowa da idonsu. Minti biyu suka gan shi yana shiga a waya, sai suka gaskata wayar.

Da damina ta yi ƙarfi, ina can hutu, ɗan maƙwabciyarsu ya tafi ƙetare gona, kwalekwale ya kife. Muna karyawa muka ji kururuwa. Kaka ya ajiye kofin kunu, ya shiga ɗaki, ya fito da zanen a ƙugu da karan dawa a hannu, ya zauna a dakalin ƙofar gida. Gidansu yaron yana kallon namu, taku ashirin bai cika ba. Mutane na ta wucewa da gudu ta gabansa zuwa gulbi, kowa ya kau da kai. Daga cikin gidan muka ji uwar tana cewa, "Kar ku bari tsohon nan shi matso! Kar ku bari shi taɓa min ɗa!"

Na ce, "Kaka, tashi mu tafi kawai."

"Ba a aiko ba."

"To ni na aiko ka!"

"Ke ba uwarshi ba ce, Uwargida."

Ya zauna har azahar, ya yi salla ya dawo ya zauna. Washegari ma haka. Samari suka yi ta faɗawa daidai inda jirgin ya kife, suna fitowa da laka. Ya ce mini a hankali, ba tare da ya dube ni ba, yaron yana gindin bishiyar giyayyar da ke kan kwanar gulbi, saiwa ta riƙe shi. Na ruga na gaya wa wani dattijo a bakin ruwa. Ya dube ni ya ce, "Shi yag gaya miki? To ya anka yi ya sani?" A rana ta uku yaron ya taso da kansa, a gindin giyayyar. Babu wanda ya tuna da zane. Uwar tana tsaye a wurin.

Ranar Kaka ya rataye gora da homa, bai ƙara sauke su ba. Ya daina sakina. Duk rashin kunyar da na yi masa sai ya ce, "Allah shi yi miki albarka," kamar wata baƙuwa. Ba zan ce fim ne ya kashe shi ba, likita ya ce jini ne da zuciya, kuma kwana ya ƙare. Amma na san ranar da ya fara tafiya.

Cikin waɗanda suka yi fim ɗin, ɗan Filaton ne kaɗai ya zo gaisuwa da ƙafarsa, ya tsuguna gaban Kawu ya ce a yafe masa, bai san abin da za a yi da hoton ba. Na tare shi a ƙofa na tambaye shi na asalin, wanda ba a juya ba. Ya ce an daɗe da goge katin kyamarar, an ɗauki kamun amarya a kai. Ya ce, "Amma ai ko a wayarki akwai wurin juyawa." Ya nuna mini, ashe ma na san shi. Danni biyu ne. Shekara ɗaya da rabi abin nan yana cikin wayata, ina amfani da shi ina sa ƙawayena suna tofar da shayi cikin kofi, ban taɓa tunanin in fito da Kaka ba sai da aka binne shi.

Da aka shafa addu'ar uku, Kawu ya zauna a ƙofar ɗakin Inna, aka yi layi. Yaya ne farko, kansa a ƙasa. Da aka zo kaina na ce, "Kawu, don Allah ka kalli wannan tukuna."

"Na gani, ba ni son ƙari."

"Ba ka ga wannan ba."

Inna daga ciki ta ce, "Bar ta ta kawo."

Na durƙusa tsakaninsu na kunna. Ruwa kwance. Sai ya buɗe, kan Kaka ya ɓullo, kafaɗarsa, saurayin da zane a fuska. Ya tako, ɗigon ruwa na zuba ƙasa yadda Allah ya halicce shi, balbela ta wuce da kanta a gaba. Ya ajiye yaron a hankali, ya miƙe, ya dubi gefen da nake tsaye. Gurnanin nan da ya hana yaran Argungu barci ya warware ya zama muryarsa:

"Uwargida, an ɗauka? Miƙo rigata, sanyi nika ji."

Inna ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta. Kawu ya karɓi wayar ya sake kunnawa da kansa. Na ce, "Kawu, bari in tura wa mutane wannan. Su gani. Ita ma maƙwabciyar ta gani."

Ya miƙo mini wayar. Sannan ya ce, "Wanda anka juya sau ɗaya, ana juya shi sau goma. Ki tura yau, gobe wani ɗan banza shi maishe shi. Ba ni barin ubana shina shiga shina hita cikin wayar mutane, shi yana kabari. Goge."

Na dubi Inna. Ta ce, "Ƙara sa min sau guda." Na sa. Ta saurara ido rufe, ta ce, "To. Yi abin da kawunki yac ce."

Na goge, duka biyun, a gabansu. Ba zan ce Kawu bai da gaskiya ba. Abin da na sani shi ne, daga Argungu har Birnin Kebbi, a wayar mai shayi da ɗan acaɓa da 'yan ajinmu, Kaka yana nan yana shiga ruwa da ɗan mutane safe da yamma. Guda ɗaya tak aka taɓa yi inda yake fitowa, ita ce muka goge.

Kawu ya ce in goge, na goge. Bai ce kar in faɗa ba. In abin nan yana wayarka, kai da ka yi dariya, ke da kika ƙi shan ruwanmu, danni biyu ne. Na san da yawanku ba za ku yi ba, na bayan ya fi daɗin kallo. Wanda ya yi, ya ƙara sauti, ya bari tsohon ya iso tudu ya ajiye kayansa. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya huta. Sannan ya goge, a bar shi a tudu.